KO DAIDAI NE A ƘETARE TEKU DOMIN A GINA WA WANI ƊAKI?

'Yan'uwa, akwai wata al'ada a ƙasashen Turawa wadda ya kamata mu yi tunani a kanta. Mutum goma ko goma sha biyar sukan haɗu, waɗansu malaman makaranta, waɗansu 'yan kasuwa, waɗansu samari, su biya kuɗin jirgin sama daga aljihunsu, su tafi wata ƙasa mai nisa. Can sukan yi mako ɗaya ko biyu suna kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, domin a gina wa matalauci ɗaki. Ba a biyansu ko anini. In an tambaye su dalili, sukan ce abu biyu ya kai su: su ba da hannu, su kuma ga da idonsu yadda rashin wurin kwana yake.

Ga tushen ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin da ke shirya irin wannan tafiya. A shekarar 1973 wani mutumin Amurka, Millard Fuller, da matarsa Linda, suka tafi garin Mbandaka a ƙasar Zayar, wadda yanzu ake kira Kwango, suka yi shekara uku suna ginin gidaje tare da mutanen wurin. Da suka koma gida, a 1976, suka kafa ƙungiyar Habitat for Humanity a jihar Jojiya. Ƙa'idarsu tun farko ita ce, ba a ba da gida kyauta. Mai gida zai sa guminsa cikin aikin, sa'an nan ya biya kuɗin kaya a hankali, a wancan lokaci kuwa ba kuɗin ruwa. Daga 1984 Jimmy Carter, wanda ya taɓa zama shugaban Amurka, ya shiga ɗaukar guduma tare da su, abin kuwa ya yi suna a duniya.

To, ga tambayarmu. Wannan tafiya alheri ce, ko kuwa yawon buɗe ido ne da aka sa wa rigar alheri?

ABIN DA MASU SUKA KE FAƊI

Kada mu yi saurin kore maganarsu, gama da gaskiya a ciki. Sun ce, kuɗin jirgin mutum ɗaya ya isa a ɗauki magini na gari da leburorinsa su yi aikin makonni. Sun ce kuma, baƙon da bai taɓa riƙe tubali ba, ba zai fi ɗan gari gwaninta ba.

Mu da muke nan Tsamaye, a ƙasar Sabon Birni, mun san wannan sarai. Ba mu rasa hannu ba. Yaro ɗan shekara goma ya san yadda ake kwaɓa ƙasa da ramno, a bar ta ta kwana, a dunƙula tubali, a shanya. Dattawanmu sun san azarar giginya wadda gara ba ta ci, sun san inda za a sa indararo domin kada ruwa ya ci bango. Ƙasar Hausa ba ta taɓa talaucin magina ba. Babban Gwani ne ya gina masallacin Jumma'a na Zariya tun zamanin kakannin kakanninmu. A garin Yama na ƙasar Tawa, cikin Nijar, wani magini manomi, Falke Barmu, ya ja mutanen gari suka gina masallacinsu da ƙasa a 1962, waɗansu na yin tubali, waɗansu na ɗauka, mata na kawo ruwa. A 1986 aka ba ginin nan lambar girma ta Aga Khan. Wane baƙon mako biyu zai koya wa irin waɗannan gini?

Ashe kuwa abin da ke hana mutum ɗaki a wurinmu dabam ne. A 2010 ambaliyar gulbin Rima ta rushe gidaje a ƙasar Goronyo da garuruwan bakin gulbi. Daga 2019 kuma 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka da yawa a ƙasar Sabon Birni da Isa da maƙwabtansu. Mutumin da ya bar soronsa da rumbunsa ya gudu cikin dare, ba rashin iya gini ya sa shi kwana a filin makaranta ba. Ya rasa zaman lafiya, ya rasa gona, ya rasa kuɗin kwano da katako. Waɗannan kuwa, tubalin baƙo ba ya maganinsu.

ABIN DA MASU TAFIYA KE FAƊI

Su ma suna da tasu gaskiya. Mun saba cewa, gani ya kori ji. Wanda ya aika da kuɗi yakan manta kafin wata ya ƙare. Amma wanda ya zauna a kan tabarma cikin ɗakin da ruwa ke zuba, ya ci tuwo daga akushi ɗaya da mai ɗakin, ya riƙe sunayen 'ya'yansa, da wuya ya sāke kwana da zuciya irin ta dā. Matalauci kuma ba ciki kaɗai gare shi ba. Yana so a san shi mutum ne mai suna, ba lamba a takarda ba. Ai zumunta a ƙafa take.

Amma a lura da kyau. In haka ne, wanda ya fi samun riba cikin tafiyar, baƙon ne. Shi ya je makaranta, mai gida kuwa shi ne malaminsa. Laifin ba a tafiyar yake ba. Laifin yana wurin mutumin da ya karɓi ilimi, ya dawo yana shelar cewa shi ya ba da sadaka.

MA'AUNIN GAYYA

Ba sai mun je nesa neman ma'auni ba, gama kakanninmu sun bar mana shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka suka yi gayya. Gayya kuwa tana da doka uku.

Ta fari, mai gida ne ke kira. Ba wanda ke tashi da safe ya faɗa gidan wani ya ce, yau zan sāke maka jinka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Watakila ba bango yake bukata ba, rijiya ce, ko takardar shaidar fili.

Ta biyu, mai gida da maginin gari su ne a gaba. Ɗan gayya yana bin umarni. Ba ya ƙwace aikin da wani ke ci da iyalinsa da shi. In zuwan baƙi ya sa magini ya zauna gida hannu banza, an gina ɗaki ɗaya an rushe wani.

Ta uku, gayya bashi ce. Wanda ka taya yau, gobe shi zai taya ka, saboda haka ba mai jin kunya, ba mai fahariya. Baƙon da ya zo daga nesa, da wuya mai gida ya rama masa da tubali. Amma ya riga ya biya shi da masauki da ilimi. Sauran bashin yana wuyan baƙo: ya ci gaba da aiko da taimako bayan ya koma, ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, kada kuma ya riƙa nuna hoton tsiraicin gidan mutum ba da yardarsa ba.

Tafiyar da ta cika waɗannan uku, muna cewa daidai ce. Wadda ta rasa su, gara a aika da kuɗin jirgin, a zauna gida.

MU FA?

Kada mu ce wannan zancen Turawa ne. A wurinmu ƙasar waje ba ta bukatar jirgi, gama iyakar Nijar tana kusa, mutanen Gobir kuwa dangi ne nan da can, daga Sabon Birni har Tsibiri. A watan Afrilu na 2020 kaɗai, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum wajen 23,000 sun ƙetare daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa Nijar. Daga baya aka shirya wa waɗansu matsuguni a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, cikin jihar Maraɗi. Amma kafin motar hukuma ta iso, su wa suka karɓe su? Talakawan ƙauye ne, waɗanda suka share zaure, suka raba zana da karan dawa, suka ƙara ruwa a kunu. Ba wanda ya ɗauki hotonsu. Waɗannan su ne malamanmu cikin wannan magana.

Saboda haka, idan samarin ekklesiya suka ce suna so su tafi wani wuri su yi aikin gini, bari dattawa su yi musu tambaya huɗu. Wa ya kira ku? Wa zai shugabanci aikin? Me za ku ci gaba da yi bayan kun dawo? Ta ƙarshe kuma, ko kun duba gwauruwar da ke bayan dangarku, wadda jinkarta ta ruɓe tun bara, ko baƙon da ke kwana cikin bukkar leda a gefen gari?

Kaka ta wuce, ƙasa ta bushe, lokacin gini ke nan. Bari kowace unguwa ta nemi gida ɗaya, ta tambayi mai shi abin da yake so, ta sa rana tun damina ba ta kama mu ba.