Wa ke da alhakin kofi na ƙarshe?

Ƴan uwa ɗalibai, mu dai mun san hukuncin giya a addininmu, kuma hadisi bai ware mai zuba ta daga mai shan ta ba. To amma ku dubi abin mamaki: har a ƙasashen da doka ta halatta shan ta, ba a sakar wa mai zubawa mara ba.

A Faransa, mai son buɗe mashaya sai ya yi horo na awa 20 kafin ya samu takardar izini, wadda ke aiki shekara 10. Tun 2009 an hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Wanda ya ƙara wa bugagge kofi kuma ana iya cin shi tarar yuro 750, kusan jika 492 ke nan na sefa. A jihohi da yawa na Amurka, in mashayi ya fita ya buge mutum da mota, dangin wanda aka buge suna iya kai ƙarar mashayar. Shi ya sa ake koya wa ma'aikata su lura da harshen da ya fara nauyi da tafiyar tangaɗi, su kawo ruwa da abinci, su ƙi ƙarawa ba tare da cin mutunci ba.

Wani zai ce: ai baligi ne, kuɗinshi ne, cikinshi ne. Haka ne, a kofin farko. Amma giya hankali take ci, kuma da hankali ake zaɓi. Kowane kofi yana rage ikon mai sha, har a kai inda mai hankali ɗaya ya rage tsakanin su biyu, wato mai zubawa. Shi ke gani, shi kuma ke cin riba. Wanda zai tsallaka titi da dare bai shiga cinikin ba, amma shi ke iya biya da ranshi.

Kada mu ce zancen Turawa ne. Mai tebur da ke miƙa wa ɗan kabu-kabu tramol da safe ya san babur zai hau, ya san zai ɗauki mace da goyo. Cewa «ni ciniki nike» ba ta wanke shi. In har mai mashaya ana koya mashi ya ce a'a ga kuɗin da ke hannu, mu da za mu zama likitoci da ƴan kasuwa gobe ya kamata mu fara koyon faɗin ta tun yanzu.