TALAUCI BA YA TAFIYA DA KUKA: KIRA GA SAMARIN GUMMI, ANKA DA BUKKUYUM

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Shi kaɗai, Mai azurtawa, wanda babu abokin tarayya gare Shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana samari, ku dubi ƙasar nan da Allah Ya zaunar da mu. Ga fadamar Gulbin Zamfara, ga shinkafa, ga gero da dawa, ga shanu da tumaki, har zinariya Allah Ya binne mana a Anka da Bukkuyum. To, don me yaro ke kwana da yunwa a tsakiyar wannan ni'ima? Don me manomin da ya cika rumbu da kaka yake cin bashin hatsi kafin damina ta raba? Azzalumai da ɓarayin daji suna da nasu kaso na laifi, Allah kuwa zai kama su. Amma akwai namu kason: kowa kansa ya sani, kuma babu mai lissafin gobe.

ABIN DA YA FARU A 2010

Ku tuna Bagega da Dareta da 'Yargalma. Mutane suka riƙa kwaso dutsen zinariya suna kawowa cikin gida, ana daka shi, ana niƙa shi a inda mata ke girki, yara na rarrafe. Ashe dutsen nan cike yake da dalma. Ƙurarsa ta shiga cikin jinin yara, fiye da 400 suka rasu, wasu suka rayu da naƙasa, sai da likitocin MSF suka zo daga waje suka taimaka. Iyayen nan ba mugaye ba ne, neman abinci suke yi. Amma da gari ya haɗa kai tun farko ya keɓe wurin niƙa a bayan gari, ya nemi masana su duba dutsen, da an rage wannan asara da izinin Allah. Ka ga ribar da kowa ya nema shi kaɗai ta zama makokin gari duka.

SHIN TALAUCI BA ƘADDARA BA NE?

Wani zai ce, Malam, ai arziki na Allah ne. Gaskiya ne. To, amma karanta Suratu Yusuf daga aya ta 47 zuwa ta 49. Annabin Allah ne, ya fi ka tawakkali, amma da ya san fari na tafe sai ya tsara wa Masar noma da ajiya: a yi shuka shekara 7, a bar hatsi a zangarniyarsa don kada ya lalace, a ci kaɗan, a adana saura saboda shekara 7 na tsanani. A aya ta 55 kuma, da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, sifa biyu ya kafa hujja da su: tsare amana da sanin aiki. Wanda ya ce shiri kishiyar tawakkali ne, bai fahimci wannan sura ba.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa mutanen ƙabilarsa, Ash'ariyyawa, idan guzurinsu ya ƙare a wurin yaƙi, ko abincin iyalinsu ya yi ƙaranci a Madina, sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai da mudu guda. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe su har ya danganta kansa da su. Kakanninmu ma sun san gayya. Mu ne muka yar da ita.

ABU BIYAR DA KOWANE MASALLACI ZAI IYA

Na farko, rubutu. Samari masu ilimi su ɗauki littafi su bi unguwa gida gida tare da liman da mai unguwa: marayu nawa ne, zawarawa nawa, 'yan gudun hijirar da ɓarayi suka koro daga ƙauyuka nawa, wa ke da sana'a babu jari. A rufa asirinsu, littafin ba na talla ba ne.

Na biyu, zakka bisa ilimi. Hatsi in ya kai ausuƙi 5, wato sa'i 300, ana fitar da ɗaya cikin goma idan ruwan sama ya shayar da shi, rabin haka idan da injin ban-ruwa ne. Tumaki ko awaki 40, a ba da guda. Shanu 30, a ba da ɗan maraƙi. Masu karɓa kuwa Allah da kansa Ya ƙidaya su, kashi 8 ne, a Suratut Tauba aya ta 60. Babu maroƙi a ciki, babu boka, babu mai kuɗin da kake neman fada a wurinsa. Jihar nan tana da Hukumar Zakka da Wakafi, wadda aka kafa bayan ƙaddamar da shari'a a Gusau a 1999. Ku je ku san jami'anta, ku kai musu sunayen da kuka rubuta.

Na uku, rumbun jama'a. Magidanta 50 in kowa ya ba da damin gero ɗaya da kaka, dami 50 ke nan. Da damina, lokacin da hatsi ya yi tsada, a ranta wa mabukaci, ya biya mudu da mudu. Wannan zai kashe kasuwar mai ba da buhu ɗaya ya karɓi biyu da kaka. Ku sani wannan riba ce tsantsa, ko da wane suna aka kira ta.

Na huɗu, jari. Abu Dawuda ya ruwaito daga Anas cewa wani mutumin Madina ya zo roƙo, sai Annabi ya sa aka sayar da shimfiɗarsa da ƙoƙonsa dirhami 2, ɗaya na abinci ɗaya na gatari, ya sa masa ƙota da hannunsa mai albarka, ya tura shi saran itace. To, maimakon a rarraba zakka naira ɗari ɗari ta ƙare a shayi da burodi, a ba mutum biyar abin da zai tsayar da su: wannan keken ɗinki, wancan injin ban-ruwa, waccan awaki biyu. Baɗi su ma su shiga cikin masu bayarwa.

Na biyar, toshe ɓaraka. Dukiya nawa ke tafiya a sadakar uku da bakwai da arba'in, alhali marayun mamacin ba su da abin kai wa baka? Nawa ke tafiya a gasar lefe da kiɗan biki? Annabi bai yi ba, sahabbai ba su yi ba. Ku mayar da kuɗin nan rumbu. Kun ga yadda 'yan agaji ke tara fatun layya kowace shekara, fatar da a da ake wulaƙantawa ta zama abin hidimar masallatai da makarantu.

Sharaɗin duk wannan shi ne amana. Ma'aji daban, magatakarda daban, kuma a karanta lissafi a bainar jama'a bayan sallar Juma'a duk wata. Kuɗin jama'a da ba a karanta lissafinsa, Shaiɗan ne ke zama ma'ajinsa.

Ya kai saurayi, garin nan ne ya haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya fassara Alƙur'ani da Hausa, ya karantar da Arewa har ya rasu a 1992. Abin kunya ne a ce a mahaifarsa an bar yaro ya zama infoma ga ɓarayi saboda kuɗin cefane. Allah Ya umurce mu da taimakon juna a kan alheri da taƙawa a Suratul Ma'ida aya ta 2, Ya hana mu taimakon juna a kan zunubi. Kada ka jira gwamna, kada ka jira ɗan siyasa. Nemi abokanka huɗu, ku sami limaminku a wannan makon, ku sayi littafin rubutu.

Ya Allah Ka tsare mu daga kafirci da talauci, Ka dawo mana da zaman lafiya, Ka ji ƙan yaranmu da suka rasu, Ka sa albarka a gonakinmu, Ka haɗa zukatanmu a kan Alƙur'ani da Sunna. Amin.