Ƙaddara da Siminti: Yini Ɗaya a Antakiya

Idan gini ya rufta wa mutane, kafin a gama ciro gawa an riga an yanke hukunci: ƙaddara ce. Mai ginin ya faɗa, jami'in da ya sa hannu a takarda ya faɗa, uwar da ta rasa ɗa ita ma ta faɗa. Na daɗe zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, domin ban yarda cewa su ukun abu ɗaya suke nufi ba. Wannan tunanin ne ya bi ni har Antakiya, a kudancin Turkiyya, shekara guda da 'yan kai bayan girgizar ƙasar 6 ga Fabrairu 2023.

Sarin kaya ne ya kai ni Istanbul, kamar yawancin 'yan kasuwarmu. Wani ɗalibi ɗan Katsina da ke yi mini tafinta ya ce in raka shi gaisuwar wani malaminsa a lardin Hatay. Muka sauka Adana, muka shiga mota. Muna kan hanya ya nuna mini kwanar wani gari, Erzin, ya ce, "Alhaji, riƙe sunan nan, za ka buƙace shi anjima."

Abin da ya fara tarye mu a Antakiya ƙura ce. Na zo da tunanin ganin kango, sai na tarar da fili fetal, domin an riga an kwashe ɓaraguzan unguwanni da dama. Tifa na shiga na fita, direbanmu kuma, haifaffen garin, yana tsayawa yana tambayar hanya, saboda ginin da ya saba gane kwana da shi babu shi. Jama'a na zaune a gidajen kwantena jeri-jeri, an shanya wanki a tsakani, wasu sun dasa na'ana'a a gwangwani a bakin ƙofa. Girgizar ta zo da ƙarfe 4:17 na asuba, cikin sanyi da ruwan sama, ƙarfinta maki 7.8, wata kuma ta biyo baya da rana. Fiye da mutum 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai, ban da dubbai a Siriya, kuma babu lardin da ya yi asarar rayuka kamar Hatay.

Na ce a fara kai ni masallacin Habibun Najjar. Duk wanda ya zauna gaban malami a tafsirin Suratu Yasin ya san shi: mutumin da ya zo da gaggawa daga ƙarshen gari yana kiran mutanensa su bi manzanni, suka kashe shi. Da yawa daga malaman tafsiri sun ce garin Antakiya ne. Ƙubbar masallacin ta faɗo, hasumiyar ta karye, an kewaye wurin ana aikin gyara. Can gaba kaɗan tsohon cocin Kiristocin Orthodox shi ma ya zube. A nan na ajiye zancen masu cewa azaba ce ta sauka saboda zunubin mutanen gari, zancen da na sha ji a majalisa a Kano a makon da abin ya faru. Wa ya ba su labarin? Hadisi ingantacce ya lissafa wanda gini ya rufta wa cikin shahidai. Wanda Annabi (SAW) ya kira shahidi, ban ga bakin da zan kira shi abin fushi ba.

To amma kawar da zancen azaba bai warware mini komai ba, tambayar da ta fi nauyi tana nan. Bayan girgizar Izmit ta 1999, wadda ta ci fiye da mutum 17,000, Turkiyya ta tsaurara dokar gini, har da harajin girgizar ƙasa aka ƙaƙaba. Doka na nan a takarda. Sai a 2018 gwamnati ta yi afuwa ga gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba: ka biya kuɗi, a ba ka takarda, ba tare da an tilasta maka ƙarfafa ginin ba. Akwai masu shaguna da suka sare ginshiƙin ƙasan bene don su faɗaɗa wurin baza kaya. Ni ɗan kasuwa ne, na san yadda taku biyu na fili ke shiga ran mai shago, don haka labarin bai ba ni mamaki ba, tsoro ya ba ni. A bakin wani fili na tsinci guntun kankare, na murza shi ya marmashe a hannuna kamar busasshen ƙuli-ƙuli, da manyan tsakuwar rafi a ciki.

Sai zancen Rönesans Rezidans, bene mai hawa 12 da aka tallata wa masu saye a matsayin yanki na aljanna. Ya kwanta gaba ɗaya, ɗaruruwa suka mutu a ciki, har da Christian Atsu, ɗan ƙwallon Gana da ya taɓa buga wa Newcastle, wanda ya ci wa ƙungiyar Hatayspor ƙwallon nasara sa'o'i kaɗan kafin girgizar. An kama mai ginin a filin jirgin Istanbul yana shirin barin ƙasar. Kwana biyu bayan girgizar, Shugaba Erdogan ya gaya wa waɗanda abin ya shafa cewa irin wannan yana cikin tsarin ƙaddara.

Erzin ɗin da yaron ya ce in riƙe, gari ne mai mutum wajen 40,000 a wannan lardin, kuma gini ko ɗaya bai rufta wa kowa ba. Shugaban garin ya ce ya ƙi ɗaga wa kowa ƙafa kan ginin da ba izini, har da danginsa. Masana sun ƙara da cewa ƙasar Erzin ta fi tauri, alhali Antakiya na zaune kan laka mai taushi ta kogin Asi, kuma gaskiyarsu ce. Amma laushin ƙasar ba sirri ba ne. Girgiza ta rushe Antakiya a shekara ta 115, ta sake a 526, inda marubutan zamanin suka ce mutum wajen 250,000 suka hallaka. Wanda ya san ƙasarsa na rawa, nauyin da ke kansa ya fi na wanda bai sani ba.

Ana danganta kafuwar masallacin Habibun Najjar da zamanin Abu Ubaida ɗan Jarrah, kwamandan da ya ci Antakiya. Shi ne kuwa wanda ya yi wa Sayyadina Umar tambayar nan sananniya, lokacin da halifa ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke ya yanke shawarar juyawa: shin gudun ƙaddarar Allah ake yi? Umar ya amsa cewa daga ƙaddara ake gudu zuwa ƙaddara, ya buga misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe; duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora, amma shi ya zaɓa. Abu Ubaida ya tsaya da rundunarsa, annobar ta ɗauke shi. Babu wanda ya zargi ɗayansu da raunin imani. Abin lura a wurina shi ne Umar shugaba ne, rayukan wasu ke hannunsa, shi ya sa bai ba kansa damar fakewa da ƙaddara ba. Abu Ubaida kuwa nasa ran ya miƙa. A fahimtata, mai makoki yana da cikakken haƙƙin jingina da ƙaddara, da ita zai iya tashi gobe. Wanda ya rage rodi ko ya karɓi na goro ya sa hannu, idan ya ambace ta, aron bakin mamata ya yi don ya wanke kansa.

Da la'asar muka isa kwantenar malamin. Dattijo ne, kuma kamar mutanen Hatay da yawa yana jin Larabci, sai muka lallaɓa da ɗan nawa na makarantar ilimi. Ya rasa 'yarsa da jikoki a wani bene da bai kai shekara goma da ginawa ba. Ya zuba mana shayi a 'yan ƙananan kofunan gilashi, ya ce Allah ne ya ba shi su, shi ya karɓi abinsa, bai taɓa jayayya da wannan ba. Sannan ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin gado, cike da takardu: rahoton injiniyoyi, hotunan ginshiƙai, sammacin kotu. Shi da sauran iyalan benen sun shigar da ƙara, kuma ba ya fashin zama. Abin da ke ci masa rai shi ne an gurfanar da 'yan kwangila, amma jami'in gwamnati ba a iya tuhumarsa sai hukuma ta ba da izini, izinin kuwa yana jan ƙafa.

Ɗalibin ya tambaye shi cikin ladabi, "Malam, tunda ka sallama wa Allah, me ya rage na kotu?"

Ya dube shi ya ce, "Ɗana, Allah na sallama wa. Ɗan kwangila ban sallama masa komai ba. Akwai zama ranar Talata, in kuna gari ku zo."