Ruwa da Lokacinsa: Haƙƙin Mutanen Ƙasan Kogi

Duk wanda ya zauna a bakin kogi, akwai wanda ke samansa, akwai kuma wanda ke ƙasansa. Ruwan da ya ratsa gonarmu yau, jiya a gonar wani ya kwana, gobe kuma wani ke jiran sa. Daga nan ne wata tsohuwar tambaya ta samo asali. Idan ruwa ya fara biyowa ta wajenmu, muna kuma da ƙarfin tare shi, mene ne ya rage a wuyanmu game da mutumin da ke can ƙasa, wanda ba mu san sunansa ba, shi kuma ba shi da ikon zuwa ya buɗe ƙofar da muka rufe?

Babu inda wannan tambaya ta fito fili kamar dausayin Haɗeja da Nguru, a tsakanin jihohin Jigawa da Yobe. Kogin Kano da na Calawa ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Jos yake gangarowa. Da suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin jigayin yashi, sai su rarrabu zuwa rassa, su malale cikin fadamu da tafkuna, kafin su sake haɗuwa a wajen Gashuwa su zama kogin Yobe, wanda ke bin iyakar Najeriya da Nijar har ya faɗa Tafkin Chadi.

A can da, shekarar wannan yanki tana da numfashi biyu. Wajen watan Agusta da Satumba ruwa ya cika ya batse, kifi ya shiga ciyayi ya yi ƙwai, manomi ya samu ruwan shinkafarsa. Da kaka ta yi, ruwa ya fara janyewa, sai a bi danshin da ya bari a shuka wake da sauran amfani. Masunta su tare tarwaɗa da karfasa a kududdufan da suka rage. Da rani ya tsananta, Fulani su gangaro da shanu su ci ciyawar da ta tsiro a inda ruwa ya kwanta. Wani ɓangare na ruwan kuma ya nutse cikin ƙasa, ya ciyar da rijiyoyin ƙauyukan da ko kogin ba sa hange. Fili guda, amma manomi da masunci da makiyayi kowa da watansa. Bahaushe da Babade da Babarbare da Bafillace sun daɗe suna karɓa-karɓa a kan wannan tsari, ko da yake ba a rasa saɓani.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano. A 1992 aka kammala ta Calawa. Tun daga nan mafi yawan ruwan kogin Haɗeja ya koma hannun masu riƙe da ƙofofin dam. Ga kuma farin shekarun 1970 da na 1980. Abubuwan biyu suka haɗu, faɗin ƙasar da ambaliya ke rufewa a shekara ya ragu ƙwarai.

Adalci ne mu tsaya mu saurari na sama. Ba mugunta ce ta gina Tiga ba. An gina ta a lokacin da fari ke karkashe dabbobi, yunwa na korar mutane daga garuruwansu. Daga waɗannan madatsu ne birnin Kano ke samun ruwan sha mai yawa. Tumatir da shinkafa da alkamar Kadawa da Kura, waɗanda ke shiga tukunyar da yawa daga cikinmu, da wannan ruwa ake noma su. Wanda ya ce a bar kogi yadda Allah ya halicce shi kada a taɓa, sai ya faɗa mana abin da miliyoyin mutanen birni za su sha. Na sama yana da haƙƙi, kuma ƙishirwarsa ta gaske ce. Abin tambaya shi ne inda haƙƙin nasa ya tsaya.

Akwai wata magana da kan fito daga bakin masu son a ƙara tare ruwa: wai ruwan da ke malala a fadama tafiya yake a banza, rana na shanye shi. Maganar tana da daɗin ji, domin amfanin noman rani abu ne mai sauƙin ƙirgawa. Akwai kadada, akwai buhu, akwai motar da ta ɗauka zuwa kasuwa. Amma wa ya rubuta kifin da aka ci a gida ba a sayar ba? Wa ya auna nonon saniyar da ta yi rani a fadama, ko kabar da mata suka saƙa tabarma da ita, ko gwiwar yarinyar da ta huta saboda ruwan rijiya bai yi nisa ba? Abin da bai shiga takarda ba, ranar rabo ba a tunawa da shi.

Shi ya sa aikin awo da ƙidaya ya wuce sana'ar masana kawai. A 1987 aka kafa wani shiri na kula da dausayin Haɗeja da Nguru, wanda ya riƙa auna faɗin ambaliya daga jirgin sama, yana ƙirga tsuntsaye, yana bin diddigin abin da mutane ke samu. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka kwatanta amfanin ruwan da ke malala a fadama da na ruwan da ake kai wa shirin noman rani na kogin Kano. Noma da su da itacen girki kaɗai suka lissafa, ba su sa kiwo da ruwan ƙarƙashin ƙasa ba. Duk da haka suka tarar cewa mudu guda na ruwa, in aka bar shi ya isa fadama, amfanin da yake haifarwa ya ninka na wanda aka tare ninkin ba ninkin. Ana iya jayayya a kan alƙaluman, amma bayan wannan awo ba wanda zai sake cewa "a banza" da zuciya ɗaya. Awo ya zama shaidar talakan da ba a gayyata zaman shari'ar ba.

Sai dai labarin yana da wani lanƙwasa da ya fi wannan koyar da mu. Da a ce ƙarancin ruwa ne kaɗai cutar, da maganin mai sauƙi ne. Amma tun da aka fara sakin ruwa daga madatsu har cikin rani, rassan kogin da a da suke bushewa na wasu watanni suka daina bushewa. Kacala kuwa, doguwar ciyawar nan mai kai kamar zangarniyar gero, ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta yaɗu, ta riƙe laka, ta toshe hanyoyi. Ruwa ya karkata zuwa reshen Marma da tafkin Nguru, ya cinye gonaki da wuraren kiwo, alhali wasu rassan kamar Burum Gana suna fama da ƙishi. Kwalekwale ya rasa hanya. Janbaki ya samu mafaka, yana fitowa garke-garke yana cinye shinkafa da gero. Sauro da katantanwar da ke kawo tsargiya suka samu gida. Ƙauyuka kan yi gayya su shiga ruwa da lauje da adda su buɗe hanya, kafin wani lokaci ta sake rufewa.

Ga darasin, kuma gaiwa ta riga mu sanin sa. Ita kifi ce, amma idan ruwa ya janye takan shige laka ta kwanta har damina ta dawo. Rayuwar fadama haka take: tana buƙatar cika, tana kuma buƙatar bushewa. Wanda ya hana ka ruwa a Satumba ya sako maka a Maris, zai iya nuna takarda cewa ya ba ka rabonka cif. Amma kamar mai bashi ne da ka ranta wa iri ya dawo maka da shi bayan shuka ta wuce. Haƙƙin na ƙasa ya haɗa da yawan ruwan, ya kuma haɗa da lokacinsa.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wajenmu. Malaman fiƙihu sun daɗe suna karantar da hukuncin da aka yanke a kan kwararon ruwan Madina, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa: na sama ya shayar da gonarsa har ruwa ya kai idon sawu, sannan ya sake shi ga na ƙasa. Mu lura da abu biyu. An yarda na sama ya fara sha, ba a hana shi ba. An kuma sa masa ma'auni wanda kowa zai iya gani da idonsa, ba a bar shi da son ransa ba. Dam ɗin zamani ya fi ƙaramar gonar dabino girma nesa ba kusa ba, amma girman iko ƙara nauyi yake yi. Abin da muke nema a yau shi ne idon sawun Tiga da Calawa: nawa za a riƙe, nawa za a saki, a wane wata.

Wani zai ce, to ina ruwanmu da tsuntsaye? Gaskiya ne cewa idon duniya ta kansu ya fara faɗawa kan wannan yanki. Kowane hunturu agwagin ruwa da wasu ƙananan tsuntsaye kan taso daga Turai da arewacin Rasha, su ƙetare Sahara, su sauka a Dagona da Baturiya da tafkin Nguru, su tarar da kirinjijiya da ɗinya da zalɓe. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da reshen Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Ramsar na Iran a 1971. Manomin da tsuntsu ya ci wa shinkafa yana da dalilin jin haushi idan ya ga baƙo ya zo da madubin hange yana ƙirga tsuntsu bai tambayi lafiyar 'ya'yansa ba. Kiyayewar da za ta kori mutum daga mashayarsa don tsuntsu ya sake, ita ma zalunci ce. Amma a nan buƙatar biyun ɗaya ce. Ambaliyar da ke zuwa a kan kari ta janye a kan kari ita ke ciyar da agwagwa, ita ke ciyar da masunci. Shi ma tsuntsun, in muka duba, ɗan ƙasan kogi ne, sai dai shi ko ƙorafi ba ya iya kaiwa.

Lokacin da aka gina Tiga, Haɗeja tana cikin jihar Kano. A 1991 aka ƙirƙiro Jigawa da Yobe, kogi ɗaya ya ƙara yawan iyayen gida. A 2006 jihohi shida da wannan ruwa ya shafa, wato Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauchi da Filato, suka amince da kafa asusun haɗin gwiwa don kula da shi. Mataki ne mai kyau, amma yarjejeniya ba ta buɗe ƙofar dam da kanta. Ga kuma batun madatsar Kafin Zaki a ɓangaren kogin Jama'are, wadda aka daɗe ana tayar da maganarta ana kwantarwa. Jama'are ne kogin da har yanzu ke kawo ambaliya a kan lokacinta. Duk ranar da maganar ta sake tasowa, tambayar farko ita ce ko an ƙirga mutanen Gashuwa da Geidam da na Diffa a ƙetaren iyaka.

Nauyin da ke kan na sama bai fi ƙarfinsa ba. A ci gaba da auna ruwa a kowane reshe, a kuma bayyana sakamakon cikin harshen da masunci zai fahimta. A tsara sakin ruwa yadda zai bi sawun damina da rani, a sanar da mutane kafin a buɗe. A ba sarkin ruwa da arɗo da manomin fadama kujera a inda ake yanke shawara, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu kuma da ke buɗe famfo a birni ko sayen kwandon tumatir a kasuwa, muna cikin na sama ko da ba mu taɓa ganin Tiga ba. Muna da bakin tambayar waɗanda muka zaɓa: a wane wata aka sako ruwa bana, kuma an tambayi na ƙasa?