Gonar Gida da Kuɗin Jami'a

Da zarar yaro ya ci jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, lissafi ya koma kan uba. Ga Jami'ar Bayero ta Kano, ta gwamnatin tarayya, inda a ƙa'ida ba a biyan kuɗin koyarwa sai na rajista da ɗakin kwana. Ga kuma Jami'ar Al-Qalam ta Katsina, mai zaman kanta, wadda aka kafa a 2005, inda nauyin yake kan iyaye kacokan. Ko bayan ƙarin kuɗin rajistar da Bayero ta yi a 2023, tazarar tana da yawa ga mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

Mai son jami'ar kuɗi yana da hujjarsa. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗaliban jami'o'in tarayya suka shafe wata takwas a gida, alhali na jami'o'in kuɗi suna aji. Wanda ya ga ɗansa yana zaman kashe wando ya san ciwon hakan.

Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: idan uba mai 'ya'ya shida ya sayar da gona don babban ɗa, ina haƙƙin ƙannensa biyar? Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa mahaifin Nu'umanu bin Bashir ya yi masa kyauta shi kaɗai, ya nemi Annabi (SAW) ya zama shaida, Annabi ya ƙi, ya umarce shi da yin adalci tsakanin 'ya'yansa. Malamai sun bambanta kyauta da ciyarwa. Ciyarwa tana bin buƙata, don haka ba laifi idan ɗan jami'a ya fi ɗan firamare cin kuɗi. To amma jami'a mai tsada, alhali an samu gurbi a mai sauƙi, buƙata ce ko fifiko? Nan ya kamata uba ya tsaya ya auna, musamman da yake 'yan mata ne aka fi ce wa su haƙura idan aljihu ya bushe.

Tun 2024 asusun NELFUND yana ba ɗaliban makarantun gwamnati rancen da babu kuɗin ruwa a kansa. Uban da ba zai iya yi wa kowane ɗa abin da ya yi wa na fari ba, ya bar gonar, ya kai yaron Bayero.