Faɗakarwa Ga Ikhwani Kan Wanda Maye Ya Kashe

Bismillahi. Bayan haka, ya ku ikhwani, ku sani: a 2012 mawaƙiyar Amurka Whitney Houston ta mutu da hodar iblis a jikinta, duniya ta koka, har samarinmu. Nan Tafashiya kuwa yaron da kodin ya kashe, sahu guda bai cika a sallarsa ba. Aka ce shi ya ja wa kansa. Ni ma na faɗa, astagfirullah.

Buhari ya ruwaito wani sahabi da aka sha yi wa bulala kan giya. Wani ya la'ance shi, Annabi, sallallahu alaihi wasallama, ya hana, ya shaide shi da son Allah da Manzonsa.

Maye haramun ne, ban sassauta ba. Bayan wazifa mu tafi gaisuwa wurin mahaifiyarsa. Tammat.