Ijara da 'Yancin Mai Albashi

Malaman fiƙihu suna kiran yarjejeniyar da mutum yake sayar da aikinsa a cikinta kan lada sananne da sunan ijara, kuma sun kasa ma'aikaci gida biyu: akwai ajiri na tarayya, irin tela ko maƙeri, wanda yake karɓar aiki daga kowa ana biyansa kan abin da ya gama, akwai kuma ajiri keɓantacce, wanda ya miƙa wa mutum ɗaya lokacinsa na wani wa'adi, kuma a wannan gida na biyu mai albashin zamani yake. Halaccinsa a fili yake, domin Suratul Ƙasas ta ba da labarin Annabi Musa (AS) yana yi wa dattijon Madyana aiki kan wa'adin shekara 8 ko 10, kuma Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi wa mutanen Makka kiwo ana biyansa.

Sauƙin da mai albashi yake samu ba ƙarami ba ne, domin ladansa yana tabbata da zarar ya ba da lokacinsa, ko an sa shi aiki ko ba a sa shi ba, kuma shari'a ta ɗauke shi amintacce, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai in ya yi sakaci, alhali malikiyya sun ɗora wa masu sana'a lamunin kayan mutane.

Sai dai Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya bayyana a Muƙaddima cewa barantaka ba ta cikin hanyoyin neman abinci na ɗabi'a, kuma akwai gaskiya mai ɗaci a maganarsa. Malamai sun cire lokutan salla daga abin da ubangida ya mallaka, alamar cewa lokaci aka saya, mutumin kansa yana nan ɗa. Amma wanda cinsa da karatun 'ya'yansa suka rataya a hannun mutum ɗaya yakan fara jin tsoron kora fiye da tsoron zunubi, ya ga zalunci ya kame baki, ko ya sa hannu a takardar da ya san ƙarya ce. Wannan rauni yana ƙaruwa idan aka riƙe albashi wata da watanni, domin mai jiran haƙƙinsa ba ya iya ɗaga murya, duk da hadisi ƙudsi na Buhari ya sa wanda ya ci gumin ma'aikaci cikin mutum 3 da Allah zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama.